Kuna Jiran Sa Hannun Wanda Ke Kabari

Zuwa ga Babban Editan mujallar binciken lafiya da marigayi maigidana ya aika wa aikinsa.

Ranka ya daɗe, Farfesa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina neman afuwa da na fito da wannan magana bainar jama'a. Na rubuta wa biro ɗinka, wato ofishinka, a asirce, na sake rubutawa, amma amsar da ke dawo mini iri ɗaya ce kullum, har na gane na'ura ce ke turo ta, ba mutum ba. Ban ambaci sunanka ko na mujallarka ba, don ba tozarta kowa nake nufi ba. Kai ka san da kai nake. Na rubuta da Hausa ne saboda matan da aka yi aikin a kansu su ji idan an karanta musu. An fassara maka kwafi da Faransanci, yana tafe ta gidan waya.

Sunana Ramatu. Ma'aikaciyar jinya ce ni, haifaffiyar unguwar Zango a nan Damagaram. Ni ce matar marigayi Dokta Kiyari. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran wannan suna da bakina ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Yau na rubuta shi, saboda a kansa ake maganar. Sunana kuma shi ne na uku a jerin marubutan takardar da ke hannunku, bayan nasa da na Majo Isa, shugaban ƙaramar likitar Droum, wato asibitin garin.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin takardar, tun da alamu sun nuna har yau ba wanda ya karanta ta a wurinku.

A shekarar da damina ta yanke gero yana cikin bununi, an tura mu Droum ni da maigidana, mu taimaka wa Majo Isa. Kafin bazara ta kai tsakiya rumbuna sun zama wayam. Maza sun tafi ci-rani, mata suka koma daji tsinkar anza. Wataƙila ba ka san anza ba. Ƴaƴan wani itace ne da ba ya mutuwa ko an yi fari, masu ɗaci kamar maɗaci. Ba a cin su sai an jiƙa kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, har ɗacin ya fita. Iyayenmu sun ci, sun rayu. Amma a wannan shekara rijiyoyi ma sun ja baya, mace kan yi rabin yini a bakin rijiya ta dawo da tulu ɗaya.

Sai aka fara kawo mana yara da amai da kumburin ciki da wata irin kasala. Muna ba su abin da aka koya mana a ba mai gudawa, wasu su tashi, wasu kuwa sai su ƙara lafewa. Maigidana mutum ne mai yawan tambaya. Yakan zauna a tabarma kusa da uwa ya yi ta bin diddigi, me aka ci jiya, me aka ci shekaranjiya, wa ya dafa. Akwai wata mata daga wani ƙauye gaba da Droum, ba zan faɗi sunanta ba, wannan ƙa'idarku ce kuma na yarda da ita. Ta zo da ƴarta goye, ƙafafun yarinyar na lilo. Da ya tambaye ta kwana nawa ta jiƙa anzar, ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ruwan da zan zubar shi ne ruwan da za mu sha. Sau ɗaya na sake shi." Yarinyar ta cika a hannuna kafin la'asar. Uwar ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce a ara mata zane, nata ya ɓaci.

Daga ranar ya fara rubuta duk abin da muke gani. Muka nemi yardar iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, aka karanta musu takardar yarda da Hausa, suka dangwala yatsa. Abin da ya tattara ba mai wuyar fahimta ba ne: yadda ma'aikacin lafiya zai gane irin waɗannan yara, tambayar da ya kamata ya yi wa uwa, da kuma cewa duk wanda zai kai taimakon hatsi ƙasar da ake cin anza, ya kai ruwa tare da shi. Bai taɓa cewa ya gano gaskiyar ƙarshe ba. Yakan ce mu nan ido da kunne kawai muke da su, a buga don masu manyan ɗakunan gwaji su duba, su gaskata mu ko su ƙaryata mu. Abin da ya kai shi ƙofarku ke nan.

Ga abin da ya same mu a wannan ƙofa.

Na farko. Mun dawo Damagaram da faɗuwar ruwa, ya shafe daminar yana rubutu, ni ina buga masa a kwamfutar da muka aro. Da kaka muka tura. Ba a jima ba takardar ta dawo. An ce taƙaitaccen bayanin da ke gaba ya yi tsawo, kuma sai an raba shi gida-gida da kanun da kuka tsara, a ƙara wani da Ingilishi. An ce tazarar da ke tsakanin layuka ba ta kai ba, a sa wa kowane layi lamba, a cire teburan lissafi daga cikin rubutu a kai kowane shafinsa. Maigidana bai ji haushi ba. Ya yi dariya ya ce kowane gida da tsarinsa, baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa. Ya nemo wani mushen lakwal, malamin makaranta mai koyar da Ingilishi, suka zauna suka fassara. Muka gyara duka, muka tura.

Na biyu. Ta sake dawowa. Wannan karon jerin littattafan da ya dogara da su ne. Ya jera su da sunayen marubuta, ku kuma da lamba kuke so, bisa yadda suka fito a cikin rubutu. Sannan inda waƙafi zai zauna, inda aya za ta zauna, yadda za a gajarta sunan kowace mujalla, shafi na nawa zuwa na nawa. Farfesa, wasu littattafan nan a ɗakin karatu na babban birni ya gan su tun yana ɗalibi, ya kwafe abin da yake so da hannu. Don ya samo lambar shafi kawai sai da ya roƙi wani abokinsa ya je ya duba masa. Tambayata ita ce, me ya hana a faɗi wannan tun karon farko? Jerin nan yana nan tun ranar da muka fara turawa, bai canja ba. Wanda ya ga tazarar layi ya ga jerin littattafai. Kowace dawowa a wurinku danna maɓalli ce. A wurinmu kuwa hawa kabu-kabu ne zuwa sibar, shagon intanet, a tarar an ɗauke kuran, babu wutar lantarki, a koma gida, a dawo gobe, a zauna ana kallon takarda tana hawa kamar za ta kai, ta yanke, a fara daga farko.

Na uku. Aka ce sai takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. A nan ba ni da ƙorafi kan ƙa'idar kanta. Maigidana ya ce wannan daidai ne, ba a wasa da haƙƙin marasa lafiya. Haka da kuka ce a goge duk abin da zai sa a gane yaro ko ƙauyensu, ya ce kun fi shi gaskiya, ya goge. Amma kwamitin a babban birni yake zama, tafiyar yini guda cur a mota, kuma ba kullum yake zama ba. Ya kwashi dosiye, wato fayil ɗin dangwalen matan nan, ya tafi da kansa. A wannan tafiya ce na fara lura idanunsa sun yi rawaya. Ya ce gajiya ce. Da ya dawo da takardar a hannu, wandonsa ba ya zama a ƙugu sai ya ƙara wa bel ɗinsa huda.

Ciwon hanta ne. Shi likita ne, ya san abin da ke jikinsa tun kafin a faɗa masa. Ina so ka ji ni da kyau a nan, ranka ya daɗe: ban ce ku kuka kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ya kashe ɗan abin da ya rage masa na ƙarfi.

Na huɗu. Muka tura da takardar kwamiti. Aka yi shiru mai tsawo, har muka ɗauka ta wuce hannun masana masu tantancewa. Yana kwance a ɗaki yana tambayata ko na leƙa sibar. Da amsa ta zo, cewa aka yi mujalla ta sabunta ƙa'idojinta a farkon shekara, duk takardar da ba ta shiga tantancewa ba sai ta bi sabon tsari. Kanun da muka raba taƙaitaccen bayani da su an canja su. Zanen da ya nuna yadda yara ke ƙaruwa yayin da ruwa ke raguwa, an ce bai fito sarai ba, a sake shi da wata manhaja da ba mu da ita. An ƙara neman wasiƙar gabatarwa da bayanin abin da kowane marubuci ya yi a aikin.

Na ɓoye masa wannan amsa kwana biyu, sai ya gane a fuskata. Ya ce in ɗauko takardun. A lokacin ba ya iya zama sai an jingina shi da matasai. Zafi ya tsananta, famfon unguwarmu ya daɗe bai kawo ruwa ba, sai abin da mai garuwa ya kawo, ina jiƙa tsumma ina goga masa a wuya. Ni ina karanto masa layi, shi yana cewa sa aya nan, cire waƙafin can. Wani lokaci barci ya ɗauke shi a tsakiyar sunan wata mujalla, in zauna da biro a hannu ina jira, ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ƴarmu ƙarama takan leƙo tana son ta hau jikinsa, in kore ta in ce Baba na aiki. Wannan korar ita ce ba ta barina har yau. Na ce masa ya bari, takarda ba ta fi ransa ba. Ya ce, "Ramatu, fari zai dawo. Ni ne ba zan dawo ba. Karanto na gaba."

Mun gama, na tura. Ya rasu ana shirin shuka, ranar wata Juma'a da hantsi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ina cikin takaba Majo Isa ya zo gaisuwa, ya ce ya duba, takardar ta cika duk ƙa'idoji, saura abu ɗaya. Akwai wata takardar shaida da kowane marubuci zai sa wa hannu, cewa ya karanta kwafin ƙarshe kuma ya yarda a buga. Da na fita takaba na sa nawa, Majo ya sa nasa. Na rubuta muku cewa marubuci na farko ya rasu. Na haɗa da takardar mutuwa mai hatimin magajin gari. Amsar da ta zo ita ce dosiyenmu bai cika ba, akwai sa hannu ɗaya da ya rage. Na sake rubutawa, na yi bayani da Faransanci mafi sauƙi da na iya. Amsar ba ta canja ko harafi ɗaya ba. Bayan haka na'urarku ta shiga tura wa shi marigayin saƙon tuni a akwatinsa na imel, tana gaishe shi da sunansa, tana cewa ana jiran sa, idan bai amsa ba za a rufe dosiye. Ni ke buɗe akwatin nan. Ni ke karanta su.

Mutane sun ba ni shawara iri biyu. Wasu sun ce in kwaikwayi sa hannunsa, wa zai sani? Na iya shi kuwa, na gan shi a kan takardun magani fiye da yadda zan ƙirga. Amma mutumin da ya yi tafiyar yini guda da ciwo a jikinsa don kada a ce ya taka ƙa'ida, ba zan rufe aikinsa da ƙarya ba. Majo Isa kuma, da kyakkyawar niyya, ya ce a cire sunansa daga jerin marubuta, a mayar da shi ƙasa wurin godiya, tun da wanda ake yi wa godiya ba a neman sa hannunsa. Ya ce yaran da za su amfana sun fi suna muhimmanci, kuma shi marigayin da kansa haka zai ce. Wataƙila haka zai ce. Na kwana biyu ina juya maganar, har na buɗe takardar na ɗora hannu a kan sunan. Na kasa. Shi ya zauna a tabarma ya yi tambaya, shi ya rubuta kowane layi. Idan na mayar da shi wanda ya taimaka, na mayar da kaina mai aikin, wannan ma ƙarya ce, kuma ƙa'idarku da kanta ta hana ta. To ina zan bi?

Mahaifiyarsa, Ya Falmata, tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Asalinsu Barno, kakanninta fatake ne da suka zauna a unguwar Birni nan Damagaram. Ba ta san mene ne mujalla ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta ya ƙare kwanakinsa yana rubuta wani littafi da zai taimaki yara. Duk ranar da na kai mata jikokinta sai ta kama hannuna ta ce, "Ƴata, littafin ya fito?" In ce saura kaɗan, Ya. Ta ce idan ya fito in kawo mata ta shafa, ko ba ta gani. Na gaji da cewa saura kaɗan.

Ranka ya daɗe, na san kuna da aiki da yawa, takardu na zuwa muku daga ƙasashe da dama, kuma ba don tsari ba da abin ya cakuɗe. Ni ma a likita nake aiki, na san amfanin ƙa'ida. Amma a wurinmu idan aka kawo yaro yana numfashi sama-sama ba ma mayar da uwarsa gida don katinta ya yage. Muna duba yaron tukuna, a gyara kati daga baya. Tun daga turawar farko har yau, ba wani masani a wurinku da ya ce abin da maigidana ya gani daidai ne ko kuskure ne. An auna tazarar layukansa, an ƙirga kalmominsa, an duba waƙafinsa. Ba a karanta shi ba.

Saboda haka ina roƙon waɗannan abubuwa.

Ɗaya, mutum mai rai ya buɗe dosiyen nan, ya karɓi takardar mutuwa a madadin sa hannu. Idan ana bukatar magaji ya sa hannu, ga ni, ga ƙaninsa, ga mahaifiyarsa za ta dangwala.

Biyu, a bar sunansa a inda yake, na farko, a sa alamar cewa ya rasu.

Uku, a miƙa takardar ga masana su tantance. Ban ce lallai a buga ba. Idan sun karanta sun ce aikin bai kai ba, su faɗi dalili, zan karɓa, ni da Majo mu gyara abin da za mu iya ko mu kai wani wuri. Ƙi bayan karatu ya fi mini wannan shirun.

Huɗu, a tsayar da saƙonnin tunin da ake tura masa. Wannan ko ba a yi sauran ba, don Allah a yi shi.

Biyar, ba don ni ba, don waɗanda za su zo bayanmu: idan takarda ta zo da kurakuran tsari, a faɗe su duka a lokaci ɗaya. Idan kun sake ƙa'ida, kada ta hau kan wanda ya riga ya shigo layi. Kuma ku duba ko za a iya fara karanta abin da mutum ya gano, a bar gyaran waƙafi sai an ga aikin ya cancanta. Akwai ma'aikata da yawa a ƙauyukan ƙasar nan da suke ganin abubuwan da ba kowa ke gani ba. Mafi yawansu a dawowa ta farko suke ajiye biro.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon yin adalci a kujerar da Ya ɗora ka, Ya raya maka zuriya, kada Ya nuna maka ranar da za ka riƙe ɗan wani kana rasa abin yi masa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Idan amsarka ta zo ba ta same ni da wuri ba, ka yi mini uzuri. Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri, daga Zermu har Droum gero ya bushe a tsaye. Majo Isa ya aiko cewa gadajensa sun cika, an fara shimfiɗa tabarmi a baranda. Na kai yara wurin kakarsu, jibi ranar kasuwa zan bi mota zuwa Droum. Can babu sibar. Abin da ke cikin takardar zan riƙa faɗa wa mata da baki, uwa ɗaya bayan ɗaya, iyakar inda muryata ta kai.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Ramatu, matar marigayi Dokta Kiyari,
Unguwar Zango, Damagaram.